Takardar da Gwaggo Ta Dangwala

Shekara bakwai na yi ina zaman banza, in ji gwamnati. Ni dai a iya sanina, a duk shekarun nan rana ba ta taɓa fitowa ta same ni a kan katifa ba, kuma babu ramin da ban sani ba a hanyar Zongo zuwa Hanoukopé a nan Lome. Amma tunda gwamnati ce ta faɗa, wace ce ni da zan musa? Su suna da na'ura mai ƙwaƙwalwa a ofis, ni kuwa ciwon baya kawai gare ni.

Gwaggo ce ta riƙe ni. Yayar mahaifina ce, Allah bai ba ta haihuwa ba, ina da shekara huɗu aka ɗaure mini 'yan kayana a ɗankwali aka tsallaka da ni lungu biyu zuwa gidanta. Ban taɓa jin na yi rashin komai ba. Ita ta tsaya kai da fata sai na shiga makarantar Faransanci, a lokacin da matan layinmu ke ce mata za ta lalata ɗiyar mutane. Da safe boko, da yamma allo, in na yi sakaci da ɗaya jikina ya gaya mini. Ranar da na karɓo digirina na gudanar da kasuwanci ta dafa shinkafa da wake har maƙwabtan maƙwabta suka ci, ta sa takardar a gilashi ta rataye a ɗakinta. A juye ta fara rataye ta, ban gaya mata ba sai da baƙi suka watse. Na yi aure a tsakani, bai kai shekara biyu ba na dawo ɗakina na da. Wannan wani labari ne daban, kuma bai cancanci tawada ba.

Gwaggo tana da shagon atamfa da leshi a Hanoukopé, ɗan ƙarami, mutum uku suka shiga sai na huɗu ya jira a waje. Sati biyu da gama karatuna ta ce in riƙa raka ta kafin aiki ya fito. Rakiyar ce ta kai shekara bakwai. Manyan masu sayen kayanta ba a Lome suke ba, hajiyoyin Yamai ne da Maraɗi da Wagadugu. Da can sukan yi tafiyar kwana biyu a mota su zo su taɓa zane da hannu, ni na mayar da su kan waya. Ni ke ɗaukar hoton kaya in aika, ni ke sauraron saƙon murya mai tsawon huɗuba wanda a ƙarshensa za a ce a kawo irin na wancan karon amma ba shi ba. In ɗaure dila, in bi ta tasha a kan zem, ɗan acaɓan garinmu, dilar tana neman jefo ni ƙasa a kowace kwana. Da 'yan kwastan Faransanci nake yi, da 'yan dako Mina, yaren mutanen Lome, da hajiyoyi Hausa da ɗan Zabarmancin da na tsinta, kuma na iya faɗa a cikin dukkansu. Kafin shekara uku Gwaggo ta daina taɓa wayar shago, aikinta ta zauna a kujera tana karɓar gaisuwa tana gyara mini kuskuren da ban yi ba.

Babu wanda ya taɓa kiran wannan aiki. A Zongo abin da ɗa ya yi a dukiyar gidansu taimako ne, ko da zai tsufa a kai. Aiki kuwa shi ne wanda ake sa takalmi mai rufi a tafi. Sai mace ta tare ni da dila a ka, gumi na shiga mini ido, ta langaɓar da kai ta ce, "Wayyo, har yanzu ba a samu ba?" Gwaggo ta amsa mata daga inuwa, "Tana dai taya ni kafin Allah ya kawo." Ni ma haka nake faɗa, kuma haka na ɗauka.

Tun shekarar farko na yi rajista a ofishin samar da aiki na gwamnati, wanda muke ce wa biro. Aka ba ni kati, aka buɗe mini dosiye, wato jakar takardun da ke ɗauke da tarihina, aka ce in riƙa leƙowa ina sabuntawa don a san ban mutu ba kuma ban samu ba. Na riƙe wannan alkawari fiye da yadda na riƙe na aure. Akwai dogayen benci a zauren, da fanka ɗaya da ke juyawa cikin natsuwar wanda ya san ba za a kore shi ba. Mu da muka daɗe mun san juna. Akwai wani mai digirin lauya daga Avédji da na fara gani da suma, na ci gaba da ganinsa har sanƙo ya ci rabin kansa. Ba mu taɓa tambayar juna suna ba, sai dai in mun haɗa ido mu gyaɗa kai, kowa ya ji daɗin cewa ɗan'uwansa ma bai samu ba.

Kada in yi musu ƙarya, sun koya mana abubuwa. An koya mana yadda ake shiga ofis, da yadda ake zama a kujera ba tare da an cinye ta duka ba. An yi yini guda ana koya mana kallon mutum cikin ido, mu da aka yi shekara ashirin ana dukanmu a gida don mu daina. Akwai wata bita ta kwana uku a kan yadda ake kafa kasuwanci, wani mai kwat da ƙamshin turare ya zo da zane-zanen kibiyoyi yana bayyana mana abin da ake nufi da mai saye. Na rantse ko gyaɗa bai taɓa sayarwa ba. Ni da na taɓa sayar wa wata mata leshi biyu alhali fakewar ruwan sama kawai ta shigo yi, na zauna ina rubuta abin da yake faɗa a littafi, har da ja masa layi. A ƙarshe aka ba mu takardar shaidar halarta, na kai ta cikin 'yan'uwanta guda shida.

A shekara ta bakwai saƙo ya shigo wayata cewa an buɗe wani shiri na musamman don waɗanda suka daɗe ba su samu aiki ba, kuma sunana yana ciki. Karo na farko ke nan da na ci wata gasa a ƙasar nan. Amfanin shirin shi ne, in gurbin sitaj ya fito, wato koyon aiki na 'yan watanni a wani kamfani wanda sau da yawa daga nan ake ɗaukar mutum, mu tsofaffin benci za a fara kira. Kuma kowa an haɗa shi da mai ba shi shawara.

Tawa wata mata ce 'yar Adidogomé, mai tabarau da igiya a wuya, kowa Madam yake ce mata. Na so ƙwarai a ce muguwa ce, da labarin nan ya fi mini sauƙin bayarwa. Sai ta kasance mutuniyar kirki, irin wadda ke karanta takarda har ƙasa. Ta duba tarihin karatuna da aikina, ta sa alƙalami a kan wurin da babu komai.

"Shekara bakwai a nan. Me kike yi a ciki?"

"Ba komai, Madam."

"Ba komai kamar yaya? Kina tashi da safe, sai me?"

"Sai in raka gwaggona shago."

"In kin raka ta, sai ki zauna kina kallonta?"

Haka ta riƙa jan zaren har na zazzage mata komai, tun daga hajiyoyin Yamai har 'yan kwastan. Tana ji tana rubutu, can ta cire tabarau ta dube ni kamar na ɓoye mata gawa. Ta ce ai wannan shi ne kula da abokan ciniki na ƙasashen waje, wancan shi ne tsara jigilar kaya, wancan kuma fitar da kaya daga kwastan. Kowace wahala tawa ta ba ta dogon suna na Faransanci. Ashe faɗan da nake yi da direbobin tasha ma yana da suna, kuma ana koyar da shi a jami'a. Zan faɗi gaskiya, daɗi ya kama ni har na ji kunya. Shekara bakwai ba wanda ya ce mini abin da nake yi wani abu ne, sai ga wata da ba ta san ko ƙofar gidanmu ba ta faɗa da tsakar rana.

Ta ce akwai wani kamfanin fiton kaya a tashar jiragen ruwa da ke neman wanda ya ƙware kuma yake jin Hausa, saboda 'yan kasuwar arewa. Kamar da ni aka auna gurbin. Abu ɗaya ya rage: takardar shaida daga wadda na yi wa aiki, da sa hannunta. Ta ba ni samfuri in je in buga. Har na miƙe ta ƙara da cewa, "Kada a rubuta cewa gwaggonki ce. Takardar dangi ba sa karantawa, kwandon shara suke jefa ta. Sunanku ɗaya?" Na ce a'a, sunan mijinta marigayi ne a katinta. Ta tafa hannu ta ce to mun yi sa'a.

Na buga takardar a shagon kwafi a ranar. Sai kuma na yi kwana tara ina yawo da ita a jaka, saboda duk wautata na san inda aka haife ni. A Zongo ba a neman shaida daga uwa. Abin da ke tsakaninku ba ya hawa takarda, ranar da ya hau kuwa an san wani abu ya lalace. A kwana na bakwai na je wurin Baba, mahaifina, na same shi a dakalin ƙofar gida bayan azahar. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da dogayen sunayen Faransancin. Ya saurara yana jan carbi.

"Wato ki je ki ce wa uwarki ta rubuta ba ta haɗa komai da ke ba."

"Baba, ba haka aka rubuta ba."

"An rubuta ta haɗa?"

Ba a rubuta ba, kuma ya sani.

"Ni tun ranar da na miƙa ki ba ni da baki a kanki," in ji shi. "Amma da ni ne ke, da na haƙura da aikin nan."

Na tashi raina a ɓace. Sauƙin faɗa gare shi, shi da ba a taɓa tare shi a hanya an yi masa jajen rayuwarsa ba. Shekarata talatin da ɗaya, ƙawayen da na fi su a aji suna zaune a ofis mai sanyi, ni kuwa kullum sai na kankare ƙurar tasha daga wuyana. Na gaya wa kaina cewa takarda ce kawai, Gwaggo ba ta ma iya karatu ba, dangwalawa za ta yi ta manta. Akwai kuma abin da ban gaya wa kaina ba sai daga baya. Ba don kamfanin kaɗai nake son takardar ba. So nake sau ɗaya a duniya Gwaggo ta yarda, a gaban shaida, cewa ni ke riƙe da shagon nan.

Ranar da na fito da ita ana ruwa tun hantsi, irin ruwan Lome da ke mayar da titi kogi, ba mai saye ko ɗaya. Muna zaune mu biyu, tana warware zaren da ya harɗe. Na ce, "Gwaggo, akwai wata takarda da biro suka ce ki sa wa hannu." Na yi ƙoƙarin faɗa kamar ina tambayar inda almakashi yake.

"Ta mece ce?"

"Ta neman aikin nan ce. Dangwalawa kawai za ki yi."

"Karanta."

Na manta cewa matar nan shekara arba'in tana kasuwa, kuma ba ta taɓa sa yatsa a abin da ba a karanta mata ba. Na fara juya mata shi da Hausa: ni wance, mai shago kaza a Hanoukopé, ina shaida cewa wance ta yi aiki a ƙarƙashina a matsayin mai kula da ciniki da jigilar kaya, daga rana kaza zuwa rana kaza, kuma na same ta mai ƙwazo da riƙon amana. Na ba ta wannan takarda don ta yi amfani da ita inda ya dace.

Ta ajiye zaren.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ina inda aka sa ke ɗiyata ce?"

"Ba a sa wannan, Gwaggo. Madam ta ce in aka sa ba za su karɓa ba."

"To a takardar nan ni wace ce?"

"Mai shago."

"Ke kuma?"

Ruwa yana dukan kwano, sai da ta ɗaga murya kaɗan.

"Na ji an ce an same ki mai amana. Wa ya same ki? A ina aka same ki? Ni da na wanke miki kashi, yau ni zan ba da shaidar halinki kamar wadda aka kawo mini daga tasha?"

Nan ne ya kamata in naɗe takardar in mayar jaka in ce wasa nake. Amma ina da baki, kuma a hannunta na koye shi. Na ce, "Gwaggo, ƙarya aka rubuta? Ban yi aikin ba? Shekara bakwai wa ke ɗaure dila, wa ke zuwa tasha? Kowa ya zo ki ce ina taya ki. Ni ce nake taya ki, ko ke ce kike taya ni zama?"

Na ji maganar tana fita, kuma na san ba ta komawa. Na zaci za ta zage ni tas, in yi kuka, zuwa magariba a wuce wurin kamar yadda muka saba. Ba ta zage ni ba. Ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta riƙe ta daidai, ba a juye ba.

"Kin ce daga rana kaza zuwa rana kaza. Me kika sa a ta biyun?"

"Ban cike ba. Ana iya rubuta cewa har yanzu ina yi."

"A'a. Sa yau."

"Gwaggo..."

"Sa yau, na ce. Mai neman aikin biro ai ba za ta zauna tana ɗaure dila ba. Je ki aro tawada a maƙwabta."

Na fita cikin ruwan na aro ɗan akwatin tawadar dangwale. Na rubuta kwanan watan da hannuna, tana kallo. Ta danna babban yatsanta a tawada, ta danna a takarda, ta daɗe ba ta ɗaga ba don kada a ce bai fito ba. Ta goge yatsan da ƙyallen da muke share kantar shago da shi. Sannan ta ce, cikin murya mai taushi da ban san tana da ita ba, "Ajiye wayar shago da makulli a nan. Je ki huta. Kin sha wahala a hannun mai shagon nan."

Bayan kwana huɗu na je ganawa da kamfanin, da takalmi mai rufi. Na shiga yadda aka koya mana, na zauna a rabin kujera, na kalli mutumin cikin ido har sai da shi ya kawar da kai. Ya ɗaga takardar Gwaggo da yatsu biyu ta gefe ɗaya. Ya tambayi lambar rajistar kamfanin da na yi wa aiki, na ce shago ne. Ya tambayi hatimi, na nuna masa yatsan. Ya ce wannan ai ba hatimi ba ne, yatsa ne. Ban iya musa masa ba, mutum ne mai lura. Sai ya tuna suna neman mai jin Hausa, shi kuma ba ya ji, ya ce in faɗi wani abu ya saurara. Na yi murmushi na ce, "Allah ya shirye ka." Ya ce madalla, da ji na iya. Ya raka ni ƙofa ya ce za su kira. Ban canza lamba ba har yau, don kada su sha wahalar nemana.

Da kwanaki suka ja ba kira, na koma wurin Madam da niyyar in ce to a mayar da ni layin sitaj. Na same ta tana kallon na'urarta, fuskarta ba daɗi. Ashe tun ranar da na kawo mata takardar ta gani ta shigar da ita cikin dosiyena, saboda ita mai aiki da tsari ce. Na'ura ta karanta, ta yi lissafinta, ta gano cewa ni ba wadda ta daɗe ba aiki ba ce. Ni ma'aikaciya ce mai shekara bakwai a bakin aiki, wadda ta rasa aikinta sati uku da suka wuce. Don haka ta cire ni daga shirin, ta mayar da ni sahun sababbin shiga. An kuma kira mutanen sitaj a satin, har da mai sanƙon Avédji.

"A cire takardar mana," na ce.

Ta ce ta gwada. Abin da ya shiga ba ya fita sai da izinin shugaba, shugaba kuma yana wurin taro a kan matsalar rashin aikin yi. Ta ce kuma ko ya dawo tambaya zai yi, wanne ne gaskiya, na yi aiki ko ban yi ba? In na yi, ba na cikin shirin. In ban yi ba, na kawo wa gwamnati takardar ƙarya. Ta cire tabarau ta murza ido ta ce, "Laifina ne, ban yi tunanin wannan ba. Ki yafe mini." Na so in yi mata tijara, na shirya kalmomin tun daga bakin ƙofa, amma yaya za ka yi da wanda ya riga ka ba da haƙuri? Na tambaye ta yaushe zan sake zama wadda ta daɗe. Ta ce sai na daɗe.

A kan zem ina komawa gida na yi ta dariya har mai mashin ya waiwayo. Shekara bakwai ina aiki gwamnati na ce mini mai zaman banza. Yanzu da na fara zaman banza na gaskiya, na tashi da safe ba inda za ni, ta miƙa mini hannu ta ce sannu da aiki.

A gida ba a yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Gwaggo ba ta kore ni ba, ba ta daina yi mini magana ba. Abincina yana nan a rufe kullum, har da nama fiye da da. Da safe ta shirya ta hau zem ita kaɗai, da gwiwarta mai ciwo, mai shagon kusa da ita ke karanta mata saƙonnin Faransanci. Na ji an ce dila biyu sun tafi garin da ba nasu ba, ba ta ce mini uffan ba. Sau biyu na sa gyale na biyo ta ƙofa, ta ce, "A'a, zauna, kada biro su kira ba kya nan." Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce me na yi? Na roƙi Baba ya je, ya je, duk da ba shi da baki. Ya dawo ya ce ta ce masa yarinya hakkinta ta nema, an kuma ba ta, ina abin magana? Matan layi kuwa suka sami sabuwar gaisuwa. Yanzu in sun tare ni sai su ce, "An ce an kusa, ko?"

Wata Juma'a da safe gwiwar ta hana ta tashi. Na jiyo ta tana ƙoƙarin sauko da ƙafa daga gado tana salati ƙasa-ƙasa don kada in ji. Na dafa ruwa na zuba a roba, na ɗauko tsumma da man zafi na shiga ba tare da na nemi izini ba. Tun ina yarinya nake gasa mata gwiwar nan, kuma ban taɓa yi daidai ba. Ko ruwan ya yi zafi za a dafa ta da rai, ko ya yi sanyi kamar na kwata, ko hannuna ya yi nauyi kamar na mai dakan sakwara. Haka za ta yi ta mita har in gama, in ta ga dama ta ce Allah ya yi albarka, in ba ta ga dama ba ta ce in ɗauke robar kafin wani ya yi tuntuɓe. A wurinmu ba a yi wa ɗa godiya, baƙo ake yi wa.

Ran nan da gangan ban sirka ruwan sosai ba. Ni kaina da na tsoma hannu sai da na ji shi. Na matse tsumman na ɗora mata a gwiwa, na sunkuyar da kai ina jira. Na ji ƙafarta ta ɗan motsa. Na sake tsomawa na sake ɗorawa, na danna da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, ina roƙon Allah a zuciyata ta ce ke wace irin yarinya ce, kashe ni za ki yi? Ta bari har na gama, na shafa man, na ja mata zane na rufe ƙafar.

Sannan ta gyara zama ta dube ni da fara'a ta ce, "Na gode ƙwarai. Sannu da ɗawainiya, an sa ki wahala."

Na ɗauki robar na fita tsakar gida, na zubar da ruwan a makwarara, na tsaya a wurin ina kuka da robar a hannu.